Lemon da Fanka Ba Ta Ɗauka Ba

A duniya babu masu taurin kunne kamar 'yan dubiya. Ka ce musu likita ya hana, su ce to, Allah ya ƙara sauƙi, mako na zagayowa ka gan su da leda a hannu suna fara'a kamar ba da su aka yi maganar ba. Sa'adiya ta gaya wa abokan mahaifinta da baki, ta gaya musu ta waya, wanda bai zo ba ta aika a gaya masa. Duk da haka ranar Juma'a da an sauko daga masallaci sai ta ji sallamarsu a ƙofar gidansu na Kurmin Mashi, wannan da ƙullin lemo, wancan da nonon ayaba.

Mahaifin nata, Malam Datti, kayan marmari ya sayar a Babbar Kasuwar Kaduna tun yana saurayi, har sunan ya bi shi, Datti Mai Lemo. Da lemon nan ya yi aure, da shi ya gina gida, da shi ya yi wa Sa'adiya karatu har ta zama malamar firamare a Malali. Ana nan sai ƙodarsa ta gaza, aka fara kai shi wankin ƙoda asibiti. Likita ya zaunar da su ya yi musu bayani dalla-dalla, cewa akwai wani sinadari a cikin lemo da ayaba da mangwaro wanda lafiyayyar ƙoda ke fitarwa, tasa kuwa ba za ta iya ba, kuma in ya taru a jini zuciya yake tsayarwa ba sallama. Kankana ma sai dai kallo, saboda yawan ruwanta. Abin da aka yarje masa ɗan yankin tuffa ne, shi kuwa ya ce ba zai ci abin da ake manna wa takarda a goshi kamar kwalbar magani ba.

Sa'adiya ta san maganar likitan ba tsoratarwa ba ce, domin ta gani da idonta. A farkon ciwon, wata Juma'a baƙi sun bar masa leda a gefen gado, ita tana kicin, kafin ta fito ya sha abin da ya sha. Washegari da hantsi ƙafafunsa suka ƙi ɗaukarsa, ƙirjinsa yana bugawa ba tsari, ita kaɗai ta ja shi zuwa keke napep tana tallafe da kansa har asibiti. Yayyenta maza, na Abuja da na Fatakwal, suna ta kiran waya suna tambayar wai me ta ba shi. Ita da ta baro ɗakinta da izinin mijinta ta dawo gida da 'yarta don jinya, ita ake tambaya me ta ba shi. Ta haɗiye wannan, amma bai wuce mata ba.

Tun daga ranar ta mai da kanta mai gadi. Kyautar dubiya ba a mayar da ita, wannan ko yaro ya sani, don haka sai ta tsaya a bakin zaure ta karɓi kowace leda da hannu biyu, ta yi godiyar da ba ta wuce leɓe ba, ta juye a babban baho a tsakar gida, da yamma ta raba wa maƙwabta. Uban tafiyar kuwa shi ne Baba Maliki, wanda rumfarsa ke jikin ta mahaifinta tun kafin a haife ta, dattijo mai dariya da dukan cinya. Rannan ta kasa daurewa ta tare shi.

"Baba Maliki, don girman Allah ku daina. Abin nan kashe shi zai yi."

"Haba 'yata, a zo wa Datti Mai Lemo dubiya hannu rabbana? Ai sai kasuwa ta yi da mu. Ɗaya tak, ya jiƙa maƙoshi, me zai yi masa?"

Ta ce ɗayan ne ya kai su asibiti wancan karon, kuma ba ta ga kasuwa a bakin gadon ba. Dattijon ya gyara hularsa, ya ce ya ji. Ita dai ba ta yarda ya ji ba, don sabo turken wawa ne.

A cikin ɗaki kuma wani yaƙin ne. Malam Datti ya ɗauki fushi da ita, fushin tsofaffi mai shiru. Ya daina kiranta Malama, sunan da yake tsokanarta da shi, ya koma "ke". In ta kawo abinci sai ya juya fuska bango, ya ce ɗakin warin asibiti yake yi, ya ce mutumin da ya ciyar da rabin Kaduna lemo yau ko kallonsa an hana shi a gidan da ya gina. Yana ramewa tana gani. Ta yi lallashi, ta yi faɗa, ta shiga banɗaki ta yi kuka ta wanke fuska ta fito ta sake faɗa. Abin da ya fi ƙona mata rai shi ne ita kaɗai ke tsaye tsakaninsa da kabari, kuma ita kaɗai ce muguwa a idon kowa.

Mafitar ba daga wajenta ta zo ba, ko da yake daga ajinta ta fito. A zangon nan tana koya wa 'yan aji biyu aikin hannu, yadda ake yin kayan marmari da takarda. Abu ne mai sauƙi. A kifa kofi a kan takarda mai launi a zana bakinsa, a yanke da almakashi, a yi da yawa, a ninke kowanne biyu, a riƙa manna bayan wannan da bayan wancan da gam har a zagayo, sai ya buɗe ya zama ƙwallo mai fuka-fuki. A sa masa ɗan koren ganye a ka, shi ke nan. 'Yarta Zahra'u, mai shekara bakwai, tana cikin ajin. Ta yi nata, gam duk ya ɓata mata yatsu, ta ƙi bari a rataye a bangon aji kamar na sauran. Da suka dawo gida ta wuce kai tsaye ta ɗora wa kakanta a kan matashi, ta ce ga lemonsa, wannan likita bai hana ba.

Sa'adiya ta tsaya a bakin ƙofa tana jiran tsawa, kuma tsawar ta zo. Ya ce yau kuma yaro aka mai da shi, gobe sai a kawo masa 'yar tsana. Ya ɗaga abin zai yi jifa da shi, sai ya tsaya yana juya shi a hannu, ya ɓata fuska irin ta mai kaya in an kawo masa ruɓaɓɓe.

"Amarya," ya ce wa jikar, don haka yake kiranta, "wa ya ce miki haka lemo yake? Wannan ai fitilar biki ce. Kuma a ina kika taɓa ganin lemo ruwan goro a Kaduna, in ba a talabijin ba? Lemon kirki kore ne da ratsin rawaya. Malamar taku ba ta san komai ba."

Malamar tana tsaye tana ji. Ta ji haushi, amma rabon da ya yi magana mai tsawon haka har ta manta, don haka ta danne. Washegari ta biya kasuwa ta sayo takarda mai laushi, kore da rawaya, da fenti irin na yara, da sabuwar robar gam.

Nan aka sake hanya, bisa umarnin mai kaya. A dunƙule tsohuwar jarida sako-sako, kada a matse, a naɗe da takarda mai laushi, a shafa gam da yatsa a lallaɓe ƙullin ya kwanta a ƙasa. In ya bushe a shafa kore, a bi da rawaya ta gefe ɗaya, gefen da rana ta fi bugu a bishiya, sannan a ɗauki bakin biro a tsattsaga masa ƙananan ramuka irin na fatar lemo. Ayaba kuwa a murɗa jaridar ta yi tsawo, a ɗan lanƙwasa, a ɗiga mata baƙi-baƙi, don ya ce ayabar da ba ta da tabo ba ta nuna ba. Kankana rabin farantin takarda ne, ja a ciki, kore a baki, 'ya'yan a zana su a warwatse, ba a jere kamar sojoji ba. Ranar Asabar yaran layi suka fara taruwa a kan tabarma a ƙofar ɗakinsa, shi yana zaune a gado yana ba da hukunci, wannan ya yi, wannan a mayar wa mai gona. Na Zahra'u duk a karkace suke, amma nata yake sa wa a sama.

Ya sa aka ciro babban farantinsa na kasuwa daga ƙarƙashin gado, aka ɗora a kan kujera kusa da kansa. Ya kasa kayan kashi-kashi yadda ya saba, uku a ƙasa ɗaya a bisa, lemo a tsakiya a tule. Daga bakin ƙofa in ba ka sani ba sai ka miƙa hannu. Ya koma cin abinci, ya koma ce mata Malama. Sa'adiya ta fara samun barci, har ta riƙa gaya wa abokan aikinta a makaranta cewa ta samo maganin kwaɗayin tsoho da jarida da gam, tana faɗa tana jin kanta.

Lokacin zafi ne sosai, ga taransifomar unguwar ta lalace, an kwana biyu ba wuta. Fankar tsaye da ke fuskantar gadon tana nan a kunne a lamba ta ƙarshe tun ranar da aka ɗauke, ba wanda ya tuna ya kashe. Ranar Juma'a abokan suka zo kamar kullum, ta karɓe ledojin a zaure. Baba Maliki kuwa yau ma hannunsa wayam, har ya buɗe mata tafukansa yana dariya. Suka zauna a ɗakin suna fifita da huluna, suna yaba farantin, suna tsokanar Malam Datti wai ya buɗe reshe bai gaya wa sarkin kasuwa ba. Sa'adiya ta shigo da ruwa a jug ke nan sai aka ji yaran layi sun kaure da ihun an kawo wuta.

Fankar ta yi gurnani ta tashi da ƙarfinta. Kankanar ce ta fara tashi sama, ayaba ta bi, tulin lemon ya rushe, suka gangara ƙasa suna birgima, wasu ƙarƙashin gado, wasu cikin takalman baƙi. Dattawan suka fashe da dariya, Zahra'u ta shigo da gudu tana tsincewa. Farantin ya zama fili, sai lemo guda ɗaya a tsakiya, zaune daram, iska na bugunsa ko motsi bai yi ba.

Sa'adiya ta ajiye jug ɗin a hankali. Ta ɗauki lemon, nauyinsa ya cika mata hannu. Dariyar ta mutu a ɗakin.

Abin da ta gaya wa Baba Maliki ba abin maimaitawa ba ne duka. Ta ce ashe buɗe hannun da ya yi mata a zaure wasan kwaikwayo ne, a aljihu ya shigo da shi. Ta ce in so yake ya gaji rumfar ubanta ya fito fili ya faɗa, ba sai ya bi ta kan gawarsa ba. Ta ce ranar da ta ja shi asibiti babu ko ɗayansu, amma ranar jana'iza ta san su za su cika sahun gaba suna cewa Allah ya ji ƙan Datti, mutumin kirki. Tana magana tana takawa, ba ta ma san ta murƙushe ayabar 'yarta da ƙafa ba. Mahaifinta yana cewa ke, ke, ba ta ji. Baba Maliki ya dafa gwiwa ya miƙe, ya zazzage lemon takarda daga cikin takalminsa, ya ajiye shi a kan farantin da hannu biyu, ya yi wa abokinsa sallama ya fita. Sauran suka bi shi ɗaya bayan ɗaya, kowa idonsa a ƙasa.

Da ɗakin ya rage su uku, Malam Datti ya ce wa Zahra'u ta kashe fankar. Sannan ya dubi 'yarsa.

"Maliki bai kawo ba. Tun ranar da kika yi masa magana bai sake kawo ko ƙwallon goriba ba. Juma'ar da ta wuce na fita alwala, na wuce ta gaban bahon nan naki, hannuna ya zaɓa. Ni na ɗauka."

An ce tabarmar kunya da hauka akan naɗe ta, kuma Sa'adiya ta naɗe tata da kyau. Ta juya kansa. Ta ce ashe duk zaman nan da yaran mutane, da jarida, da gam, rufa-rufa ce, maɓoya yake ginawa da hannun jikarsa. Ta ce in ya gaji da duniya ya gaya mata ta kwashe kayanta ta koma ɗakinta, kada ya sa ta a bakin yayyenta su ce ita ta kashe shi. Ta tambaye shi guda nawa ya sha a bayan idonta.

"Ki duba abin da ke hannunki," ya ce.

Ta duba. Lemon cikakke ne, ba a huda shi ba, ba a fere shi ba. Amma fatarsa duk zane ce, ƙananan tsagu na farce, wasu sun bushe sun yi duhu, wasu sababbi, har babu sauran wuri mai lafiya sai kusa da gindi. Ta kai hancinta ba da niyya ba, ƙamshin ya bugo ta, ƙamshin rigar mahaifinta in ya dawo daga kasuwa da yamma tana ƙarama.

"Da zan sha, da na sha tun ranar," ya ce. "Ni ma ina son raina, Malama. In na farka ɗakin nan ya ishe ni, sai in karce shi in sansana in mayar. Naku na takarda sun yi kyau, amma warin gam suke yi."

Fushin bai tafi ba, wurin sauka kawai ya rasa. Tana jin haushinsa da ya ɓoye mata, tana jin haushin ciwon, tana jin haushin bakinta da abin da ya yi wa dattijon da ya goya ta a kafaɗa a kasuwa. Kuma ta san abu ɗaya, lemon nan ba zai sake kwana a ɗakin ba, domin wanda ya daure yau ba lalle ya daure gobe ba. Ta ce masa hakan, ba ta sassauta ba. Ya gyaɗa kai. Ya ce ita kuma gobe da safe za ta je rumfar Maliki ta durƙusa a gaban mutane, tunda a gaban mutane ta zage shi. Ta ce za ta je.

Ta juya za ta fita da lemon, sai ya ce ta tsaya, ba a jefar da irin wannan. Ya ce ta miƙo masa 'yar wuƙarsa ta kasuwa da ke cikin aljihun tebur. Ta yi jim, sannan ta ɗauko ta ba shi, ta tsaya a kansa kamar mai gadin jarrabawa.

Hannun da ke rawa in ya riƙe cokali bai yi rawa ba. Ya ɗora wuƙar, ya riƙa juya lemon da babban yatsa, ɓawon yana sauka siriri, zare ɗaya ba tsinkewa, yana naɗewa a kan cinyarsa, har lemon ya fito fari tas. Ɗakin ya cika da ƙamshi. Ya yanke masa 'yar hula a sama, ruwan ya taso ya yi ƙyalli a bakin yankan. Ya riƙe shi a gaban fuskarsa, ya daɗe, maƙogwaronsa ya motsa. Sai ya miƙa wa Sa'adiya, yadda ya miƙa wa dubban mutane ta saman faranti, ya goge yatsunsa a jikin zanin gado, bai lasa ba.

Zahra'u ta matso ta ɗauke zaren ɓawon daga cinyarsa. Ba ta tambayi kowa ba, ta zauna a ƙasa ta cusa shi a tsakiyar sabuwar jarida ta fara dunƙulewa, ta jawo koriyar takarda da ƙafa.

"Sha ki gaya mini," ya ce wa Sa'adiya.

Sa'adiya ta kafa baki ta matsa. Zaƙin ya cika mata baki har kunne, rabon da ta sha irinsa ta manta, don tun da aka hana shi ita ma ta hana kanta. Yana kallon bakinta. Ta haɗiye, ta yamutsa fuska iya ƙarfinta, ta goge ido da gefen mayafi.

"Tsami gare shi, Baba. Ba ka yi asarar komai ba."

Ya jingina da matashi, ya rufe wuƙar, ya kai yatsunsa hanci.

"Shanye abinki, Malama," ya ce. "Tun ina saurayi ban taɓa zaɓar lemo mai tsami ba."